Kiɗan gurmi a rumfar mai shayi

Daren Asabar bayan isha'i wani abokina ya kira ni wai in zo unguwar Zariya ta nan Maradi akwai kiɗa, ni kuwa na ɗauka irin na biki ne da muka saba, a tare hanya da tanti a kafa bafil manya manya har ƙirjin mutum na rawa. Da kabu-kabu ya sauke ni sai na iske ashe wurin mai shayi ne, rumfar kwano da benci huɗu da tabarmi, buta na kan gawayi ana ta haɗa Lipton da kafe da madara. Mu duka ba mu kai talatin ba.

Mai gurmin wani dattijo ne daga wajen Tibiri, ya zo da yaro guda mai kalangu wanda shi ne kuma ɗan amshi. Abin da ya fara burge ni tun bai soma ba, sai da ya kara gurmin kusa da garwashin mai shayi yana jujjuya shi, na ce Baba lahiya? ya ce ɗana sanyi ya saki fatar, in ba ta ji wuta ba ba ta magana. Wallahi shekara nawa ina jin gurmi a rediyo ban taɓa sanin haka ba. Ɗan ƙoƙo ne fa da fata da sanda da tsirkiya, amma in kana zaune taku biyu da shi kana jin har karcen farcensa, kana jin numfashin da yake ja kafin ya ɗauko baiti, abin da mikro ke cinyewa kenan gaba ɗaya.

Shi kuma yaron kalangun a hammata yake, ya matse tsirkiyoyin murya ta hau ya saki ta sauka, har wani mahauci da ke zaune bayana ya miƙe tsam don ya ji an kaɗa taken su, dama kalangu tun asali nasu ne. Daga nan Baba ya shiga kirarin manoma, ya gangaro kan ƴan kokowa, da ya ambaci Kantu, namu na Maradi da ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975, wanda filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa, sai na ga tsofaffin nan biyu na gefe sun aje kofi suna girgiza kai, ɗaya har yana share ido da bakin rawani. Tsakiyar waƙar kuran ya ɗauke, ba wanda ya motsa, aka kunna fitilar waya guda biyu aka ci gaba, ni har na fi jin daɗinsa a duhun ma.

Abin da ya tsaya mini a rai ƙwaryar da aka zagaya da ita ne. Samari kusan goma sun ɗaga waya suna ɗauka don su sa a TikTok, amma da ƙwarya ta iso mai jefa dala ashirin mai jefa dala goma, wasu suka kau da kai. Mutum ya taso tun daga Tibiri da dare, ko kuɗin man moto da ƙyar. Ya ce mini bukukuwa yanzu dije mai sa kiɗan na'ura ake ɗauka, ɗansa ma ya ƙi koyo ya bi harkar kaya ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, kuma bai ga laifinsa ba.

Mai shayin ya ce Asabar mai zuwa mai goge zai kawo in Allah ya yarda. Na riga na faɗa wa baffana, shi da ya daɗe bai fita da dare ba ya ce in zo in ɗauke shi, jika biyu kuma na ware tun yanzu na ƙwarya.