Kifin da aka rantse ba zai ƙare ba

Kod kifin ruwan sanyi ne, can arewacin tekun Atlantika yake zama, kuma abin da ya ɗaga darajarsa tun farko ba daɗi ba ne, rashin kitse ne. Namansa fari ne fat, in ka shanya shi a iska mai sanyi sai ya bushe ƙarau kamar itace ya yi shekaru bai lalace ba. A zamanin da babu firiza ai wannan ba ƙaramar dukiya ba ce. Mutanen tsibiran Lofoten na Norway tun zamanin Vikings, tsoffin mayaƙan teku na arewacin Turai, suke shanya shi a kan katakai, ana kwasa zuwa Bergen, daga nan 'yan kasuwar Jamus su rarraba shi cikin Turai. Kasuwa kuwa a shirye take, don cocin Katolika ta hana cin nama ran Juma'a da lokacin azuminsu, sai kifi.

A 1497 John Cabot ya tashi daga Bristol ta Ingila ya faɗa yankin Newfoundland, a gabashin Kanada ta yau, labarin da ya dawo Ingila shi ne wai kifi ya yi yawan da kwando kawai za ka zura da dutse a ciki ka jawo shi cike. To kafin ka ce me, jiragen Fotugal da Faransa da na Baskawa (mutanen iyakar Sifaniya da Faransa) da Ingila duk sun yi dafifi a Grand Banks, wani yankin teku mai yawan kifi kusa da Newfoundland. Su tsaga shi, su zuba gishiri, su busar, mai kyau a kai Sifaniya da Fotugal da Italiya, marar kyan kuma, wanda ya farfashe ko gishirin bai kama ba, shi ake turawa tsibiran Karibiyan a ciyar da bayin da aka kwaso daga Afirka suna noman rake. Wannan ɓangaren kam ba kasafai ake jin sa ba in ana yabon arzikin da Boston ta Amurka ta tara da cinikin kod.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne, sama da shekara 400 ana kama kifin nan da fatsa, daga kan jirgi ko cikin ɗan kwale-kwale a tsakiyar hazo da sanyi, da yawa ma ba su dawo gida ba, amma kifin bai ko girgiza ba. Sai da inji ya shigo. A 1954 Birtaniya ta fito da Fairtry, jirgin da shi kansa masana'anta ne, ya ja ƙaton taru ta ƙasan teku, ya feɗe, ya daskarar, ya yi makonni bai leƙa tudu ba, nan da nan Tarayyar Sobiyet da sauran ƙasashe suka ƙera irin nasu, ga na'urar gano inda kifi ya taru. A 1968 kaɗai an kwashe kusan tan 810,000 na kod ɗin arewa, wato na ruwan gabashin Newfoundland da Labrador.

Aisland ita ta farga da wuri. Sau uku tana rigima da Birtaniya a kan iyakar ruwanta, mil 12 a 1958, mil 50 a 1972, mil 200 a 1975, jiragen sintirinta suna bi suna datse igiyar tarun Turawan Ingila, jirage na karo da juna, kuma duk sau ukun ƙaramar ƙasar ce ta yi galaba don ta yi barazanar rufe sansanin ƙungiyar tsaro ta NATO da ke ƙasarta. Garuruwan masunta na Ingila, Hull da Grimsby, su suka ji a jikinsu.

Kanada ma ta ja nata mil 200 a 1977 ta kori baƙi, amma maimakon a bar kifin ya huta sai ta zuba kuɗi a nata manyan jiragen. Ƙananan masunta na bakin gaɓa tun cikin shekarun 1980 suke ta kuka, kifi ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana ne, ba a saurare su ba. Dalili? Lissafin gwamnati ya jingina sosai da abin da manyan jirage ke kamawa, su kuwa tarunsu kullum a cike, don kod in ya ragu sai ragowar su cure waje ɗaya, na'ura ta nuna wurin a je a kwashe. A takarda komai lafiya lau, a ruwa kuwa ana share na ƙarshe ne.

Ran 2 ga Yuli 1992 ministan kamun kifi na Kanada, John Crosbie, ya sanar da dakatar da kamun, wai na shekara biyu. Mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi lokaci guda, ƙauyuka suka watse, matasa suka nufi wasu lardunan neman aiki, waɗanda suka tsaya suka koma kamun ƙaguwa da jatan lande. Sai a 2024 aka sake buɗewa, da izinin tan 18,000 kacal, kuma ko shi ɗin masana da masunta da dama cewa suka yi an yi gaggawa.