Na tsallako Maraɗi aikin agaji, gonarmu na Batsari

Da wata ƙungiyar agaji ta Musulunci ta ɗauke ni aiki a Maraɗi, kowa a gidanmu cewa yake ai ba baƙunta zan yi ba. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, sarkin garin ma Sarkin Katsina ake ce masa, tunda Katsinawan da suka bar gari bayan jihadi ne suka kafa sarautar. A kasuwa haka ne. A ofis kuwa da Faransanci ake taro, sai an tashi wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da aka yanke.

Aikin ina son sa har raina: rijiyoyi, kuɗin marayu, abincin azumi, naman layya, awon yara masu tamowa. Tun 2019 mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suke tsallakowa saboda 'yan bindiga. Da yawa suna wajen Gidan Rumji, wasu an kai su Garin Kaka da Cadakori. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka, waɗanda su ma rumbunsu ba ya kai su damina, su suka fara ba su masauki kafin wata ƙungiya ta iso. Wannan alheri ba zan manta wa Nijar shi ba.

Amma akwai maganar da ta tsaya mini. Ranar wani rabon hatsi, wata tsohuwa daga Sabon Birni ta ji harshena ta riƙe mini mayafi. "Ɗiyata, ke 'yar gida ce, ki sa sunana." Na ce, "Inna, takardar ba a hannuna take ba." Ta sake ni, ta ce ashe na ci sefa na manta da mutanena. Da yamma kuma shugaban tawagarmu, wanda ya hango mu muna magana, ya ce a gaban kowa, "Malama, a nan ba mu raba kaya da sanayya." Ni da ban ƙara ko tiya ɗaya ga kowa ba! Na sha hawan babur cikin rairayi da azumi a bakina don sadakar bayin Allah ta isa hannun mai ita, sannan a yi mini wannan zato don kawai takardar haihuwata ta Najeriya ce. Tsohuwar na yafe mata, yunwa ce ta yi magana. Shi kuwa har yau ina gaishe shi ne kawai don aiki.

Abin da bai sani ba, nawa mutanen ma suna cikin wannan hali. Gonar Baba tana can Batsari, nesa da gari, an daina zuwa tun da aka fara ɗaukar manoma. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, Innarmu ta kwanta ciwo, ni ina nan, tsakanina da Jibiya ta bakin iyaka tafiyar da ba ta kai ta wuni ba, amma sai waya. Albashina shi ne hatsin gidan yanzu, shi ne kuɗin makarantar ƙannena. Autanmu ya dame ni in samo masa aiki ko na dakon buhu ne a wurin rabo. Na ce ya bari ya gama sakandare tukuna, shi kuma ya daina ɗaga wayata.