Godiya ga waɗanda suka hawo mini matattakala 54

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, jiya likita ya duba hoton ƙafata ya ce ƙashi ya kama sosai, in ci gaba da takawa a hankali. Tun a hanyar dawowa gida na ƙudurta cewa yau ba zan kwanta ba sai na sauke nauyin godiyar da ke kaina, wadda ta taru tun farkon watan Nuwamba.

Ga waɗanda labari bai iske ba, faɗuwa na yi a nan Edinbara, babban birnin Sikotlan, inda nake karatu. Da ƙarshen Oktoba itatuwan garin nan sukan zubar da ganye kaf, jajaye da masu ruwan ɗorawa, ga yayyafi ba dare ba rana, sai ganyen ya kwanta a hanya da santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Na raka ɗana makaranta, ina dawowa ta filin Meadows, ƙafa ta goce, idon sawu ya karye. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Godiyata ta farko ga wani bawan Allah ce da ya fito yawo da karensa. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa mini, ya tsaya daga shi sai 'yar shara a cikin iskar nan har motar asibiti ta iso. Ban san sunansa ba, ban ƙara ganinsa ba, amma kullum yana cikin addu'ata. Haka likitoci da ma'aikatan jinyar da suka yi mini tiyata, musamman wadda ta lura ina laluben mayafi bayan na farfaɗo, ta ɗauko ta yafa mini ba tare da na roƙa ba.

Da aka sallame ni ne na san an shiga wani babi. Gidan da muke haya irin tsofaffin benayen dutsen nan ne na unguwar Marchmont, babu lif, kuma muna can sama. Matattakala 54 ne daga ƙofar titi zuwa tamu. Ɗana ne ya ƙirga. Maigidana yana Kano, daga ni sai yaro ɗan shekara 7, ga filasta har gwiwa da umarnin kada ƙafar ta taɓa ƙasa tsawon mako 6. Ni kuwa mutum ce mai nauyin baki wajen neman taimako. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saƙo ɗaya na tura, kafin magariba an fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Wadda ta fara zuwa ma ba ta cikin waɗanda na tura wa saƙon. Dattijuwar da ke hawan da ke ƙasan namu ce, Baturiya, ta haura 70, wadda shekara guda muna gaisawa a tsaitsaye. Ta jiyo ƙarar sanduna ta biyo sawu. Washegari sai ga ta da tukunyar miyar kayan lambu mai zafi da 'yar takarda a kan murfi, ta rubuta duk abin da ta zuba a ciki, ɗaya bayan ɗaya, don in tabbatar babu abin da addinina ya hana. Wannan takardar tana nan na adana. Ita ta riƙa kai yaron makaranta da safe alhali ita ma gwiwa na damunta. Cikin kwana uku ya raɗa mata suna Kaka. Da na bayyana mata cewa da wannan kalmar muke kiran uwar uwa, da ita kuma muke kiran lokacin girbi, sai ta ce duka biyun ta karɓa. Kaka, na san sai an fassara miki wannan rubutu, kuma ni da kaina zan sauko in yi. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya.

Abin da na fi tsoro ba ciwon ba ne, duhun ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa guda, daga nan yini ya riƙa tsukewa. Zuwa tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai tara saura, kafin ƙarfe 4 ta faɗi. Wanda ke fita aiki ba ya ji sosai. Wanda ke zaune wuri guda kuwa, a ƙirjinsa duhun ke sauka. Amma a wannan zaman ne na ga abubuwan da bara na wuce su a guje. Akwai igwar da ake harbawa daga fadar da ke kan dutse da ƙarfe 1 daidai, al'adar da aka faro tun 1861 don masu jiragen ruwa su daidaita agogo. Ni sai ta zame mini mai tuni: in na ji ta ban yi azahar ba, sai in hanzarta, domin kafin ƙarfe 2 la'asar ta shiga, kafin ka ninke sallaya kuma magariba ta kawo kai. Ranar da gari ya washe, akwai wani ɗan haske mai kalar zuma da kan shigo ta tagar falo ya kwanta a bango na kamar rabin awa. Nakan ja kujera in kai ƙafar wurin, kofin shayi da citta da kanumfari a hannu, in bar komai sai ya wuce. Da na gama shan magani, a wannan gajeren yinin na rama azumin da ake bina, azumin da bai cika awa 10 ba.

Sai 'yan'uwana mata na babban masallacin Potterrow. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa na ga haka da idona, don kowace ziyara sai an taka 54 ɗin nan, sau da yawa da kula a hannu da goyo a baya. Kun raba kwanaki a tsakaninku ba tare da na sani ba. Yayata 'yar Maraɗi, ke kika riƙe Litinin da Alhamis, kuma kunun gyaɗarki ne abu na farko da ya zauna mini a ciki bayan tiyata. Ƙanwata 'yar Zangon Kumasi, ke kika wanke mini kai kika yi mini kitso ina zaune a kan kujerar roba, kina ba ni labari har na manta da ƙafar. Hajiya 'yar Sudan da kika turare mini ɗaki kika ce majinyaci ma yana da haƙƙin ƙamshi. Da ɗaliban nan maza biyu 'yan Zariya da suka ɗauki cefane da fitar da shara, suna ajiye kaya a bakin ƙofa su gaida ni daga nesa cikin ladabi. Allah ya ba ku sa'ar karatu, ƙannena.

Inna, ke kuma me zan ce? Kullum bayan asuba sai kin kira. Ranar da kika juya mini wayar na ga hazo ya rufe tsakar gida, kasko na ci, yara sun kewaye shi suna gasa dankali, ga damin rake jingine a bango, sai da na yi kuka. Ba na baƙin ciki ba. Sanyi nan, sanyi can, sai na ji kamar wuta ɗaya muke ji. Ƙullin kuka da daddawa da yaji da kika ba matafiyi ya iso lafiya, da man kaɗanyar da nake shafa wa ƙafar tun da aka cire filasta. Maigida, kai ka san abin da ka ɗauka daga nesa. Na gode da haƙuri, da daren da ka ƙi kashe waya har barci ya kwashe ni.

Da Disamba ta kama, tagogin da ke fuskantar namu suka riƙa cika da 'yan fitilu, yau wannan gobe wancan, ni da yaro muna ƙirgawa bayan isha. Na damu ƙwarai kada hutunsa ya ƙare a ɗaki saboda ni. Sai maƙwabtanmu na hawa ɗaya, mata da miji, suka nemi izinin tafiya da shi kasuwar Kirsimeti ta lambun Princes Street tare da 'ya'yansu. Ya hau babban lilon nan, ya dawo kumatu sun yi sanyi ƙalau, da lemo biyu a aljihu ya ce nawa ne. A gado muka ɓare su, ƙamshin ɓawon ya kwana a ɗakin.

Mutanen ƙasar nan sun fi ba daren sabuwar shekara girma. Hogmanay suke kiransa. Kaka ta ce mini sai a 1958 Kirsimeti ta zama ranar hutu a Sikotlan, tana yarinya mahaifinta aiki yake tafiya a ranar. Suna da al'adar cewa wanda ya fara taka ƙofar gida bayan sha biyun dare ya shigo da ɗan abin hannu, kuma an fi so ya kasance mai baƙin gashi. Sai ta roƙi ɗana ya zame mata baƙon farko. Na ce to, amma tare za mu zo. A daren nan, ana ta wasan wuta daga wajen fadar, na dafa ƙarfen bene na sauka matattakala 18 da ƙafafuna, yaro a gaba riƙe da farantin dabino da cincin. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni tsaye, ba ta ce komai ba, ta riƙe hannuna da nata biyu.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yafe mini, duk na gani. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.

Yanzu haka akwai kuloli 4 da filas 2 da tukunya mai jan murfi a madafata, na kasa tantance masu su. Don Allah kowa ta faɗi nata. Kada wadda ta zo karɓa, ni zan kawo har gida da zarar an ba ni izinin hawa bas, kuma alkaki zan zuba a ciki.