Tun albashi yana shigowa

Shekara shida ke nan ina riƙe da ɗakin ajiyar kaya a wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Birnin Kebbi, kuma mai ƙirga buhu yakan riga kowa ganin inda al'amura suka dosa. Motocin shanshera da kan yi layi a bakin ƙofa sun ragu, injin da a da yake kwana yana aiki ya koma kwana uku a mako. Babu wanda ya ce za a sallame ni, amma a watan jiya an kira wani abokin aikina ofis aka miƙa masa takarda. Na gan shi tsaye a gindin darbejiya yana ninke ta yana warwarewa, ya rasa ta inda zai fara gaya wa iyalinsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda ta kaya da kuɗin fanshonsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa, kuma wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da damar karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ya taru. Da ya je dubawa sai ya tarar watanni da yawa ana cirewa ba a zubawa. Bin wannan haƙƙi ya fi sauƙi tun mutum yana ciki, domin wanda aka sallama ko ƙofa sai da izinin maigadi yake shiga. Washegari na nemi bayanin asusuna, na kuma lalubo takardar ɗaukata aiki daga ƙasan akwati. A lokacin na san cewa dokar ƙwadago ta wajabta sanarwar aƙalla wata ɗaya ga wanda ya shekara biyar ko fiye, abin da ban taɓa tambaya ba.

Na daina karɓar kaya bashi, na kuma fita daga adashin da ya fi ƙarfina.

Wasu abokaina sun ce wannan rashin tawakkali ne, kamar ina kiran masifa da bakina. Ban yarda ba, domin manomin da ya cika rumbu da kaka bai yanke ƙauna daga rahamar Allah ba. Na kama hayar ɗan fili a fadama don noman rani tare da ƙanena, ko da yake tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 injin ban ruwa yana cinye riba mai yawa, kuma gara in koyi wannan lissafi yanzu da albashi zai iya toshe asarar.

Gaya wa mai ɗakina ne ya fi yi mini nauyi, har na yi mako biyu ina jinkirtawa. Da na gama bayani bayan sallar isha'i, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Maigida, ai na lura tun da ka rage cin abinci." Ta tashi ta ɗauko littafin da take rubuta cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, muka zauna muka lissafa wata nawa gidan zai iya ɗauka ba tare da albashi ba. Wata biyu muka samu, kuma mun ƙudura mu kai shi shida kafin damina ta faɗi, in Allah ya yarda.