Daga Pauillac zuwa Saint-Émilion: yadda shekara ke yanke wa giyar inabi hukunci

Jirgin ƙasa mai gudu ya ɗauke ni daga tashar Montparnasse ta birnin Paris zuwa Bordeaux cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci, kuma washegari na kama hanyar Médoc, yankin noman inabi, wadda ta bi gefen kogin Gironde zuwa arewa. Ni ba mashayi ba ne, sha'awar noma ce ta kai ni, domin na daɗe ina son ganin yadda amfanin gona guda ke canza daraja daga shekara zuwa shekara har a riƙa kiransa da sunan shekararsa.

Ƙasar Médoc tsakuwa ce, wadda ba ta riƙe ruwa amma tana riƙe zafin rana, shi ya sa inabin Cabernet Sauvignon, mai kaurin ɓawo da jinkirin nuna, ya fi karɓuwa a can. A garin Pauillac ne gonakin Lafite da Latour suke, biyu daga cikin huɗun da aka ɗora a sahun farko a jerin darajar giyar Bordeaux na 1855, sai kuma Mouton Rothschild da ta shiga sahun a 1973.

A wata gona da ba ta kai waɗannan suna ba, mai kula da rumbun ya sauko da mu ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ba ya sauyawa rani da damina, kuma gangunan katako masu cin lita 225 ke jere. Ya tsiyaya giyar 2009 da ta 2010 a kofuna biyu, ya karkata su a kan farar takarda, sannan ya kawo ta uku, wadda ta girme su nesa ba kusa ba. Biyun farko ja ne wur mai duhu, ita kuwa tsohuwar bakinta ya koma ruwan ƙasa, kuma wani baƙin gari-gari ya kwanta a gindin kwalbarta. Na sunsuna kawai: sababbin suna ƙamshin 'ya'yan itace, tsohuwar kuwa ƙamshin fata da busasshen ganyen taba.

Ya bayyana mini cewa abubuwa biyu ne ke ba giya tsawon rai, wato tsami da bauri. Baurin yana fitowa ne daga ɓawo da ƙwallon inabi, yana kuma kama harshe kamar na goro, sai shekaru da 'yar iskar da ke shiga kwalba sannu a hankali su lausasa shi. Shekarar 2009 ta yi ɗumi, inabi ya nuna sarai, giyarta ta fito da laushi har ana iya shanta tun da wuri. Ita kuwa 2010 ta zo da fari da sanyin dare, 'ya'yan suka yi ƙanana, tsami da bauri suka ƙaru, don haka masana ke ganin za ta fi daɗewa. Dukansu biyu ana lissafa su cikin manyan shekaru, tare da 1961 da 1982 da 2005 da 2016. Da na tambaye shi batun 2013, sai ya girgiza kai, domin ruwan sama da ƙanƙara sun ɓata ta, giyarta ba ta ajiya ba ce.

A ganina, masu kiran shekara ɗaya "mafi kyau" suna gaggawa, domin amsar ta dogara ne ga lokacin da mai kwalbar zai buɗe ta. Wanda ba zai iya jiran shekaru ashirin ba, 2010 ba ta yi masa wata rana ba.

Saint-Émilion, a hayin kogin Dordogne, ƙasar yumɓu ce da farar duwatsu, kuma inabin Merlot ne sarki a can. Yana rigan Cabernet nuna, saboda haka ruwan da ya sauka a ƙarshen kaka zai iya samun su sun gama girbi alhali inabin Médoc yana gona, kuma shekara guda ta yi wa gefe ɗaya kyau fiye da ɗayan. Manomansu har yau suna ambaton sanyin Afrilun 2017 da ya ƙone sabon toho.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cinikin. Kowane watan Afrilu dillalai da masu ɗanɗano suna hallara su gwada giyar kakar da ta wuce tana cikin ganga, su ba ta maki, a yanka mata farashi, mai saye ya biya kuɗinsa, amma kwalabensa ba za su iso hannunsa ba sai bayan kimanin shekaru biyu.