Launin fatar mutanenmu a ƙarƙashin ruwan Wikki

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a garin Bauchi, yawanci na biki da suna. Tun da matasa suka fara ɗaukata in raka su Yankari, aikin ƙarƙashin ruwa ya shigo hannuna, kuma abin da ya fi damuna a cikinsa shi ne launin fata. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya yi tafiya har ƙasar Alkaleri, ya yi nutso a maɓuɓɓugar Wikki, sannan a miƙa masa hoto fuskarsa ta yi fururu, kore-kore, kamar wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba. Ni ban yarda in ba mutum irin wannan hoton ba.

Wikki wuri ne da Allah Ya sauƙaƙa wa mai kyamara. Ruwan garau yake, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, zurfinsa bai wuce mita 2 ba, ƙasansa yashi ne mai haske. Duk da haka ruwa ruwa ne, yana shanye launukan da ke cikin hasken rana ɗaya bayan ɗaya. Ja yake fara tafiya, kafin a kai mita 5 ya kusa ƙarewa, sai ruwan goro ya bi, sai rawaya, a bar kore da shuɗi. Fatarmu kuwa, daga wankan tarwaɗa har baƙi wuluk, jan da ke cikinta ne ke ba ta rai.

Wani zai ce ai Wikki ba shi da zurfin da ja zai ɓace. Amma lissafin ya haɗa da duk tafiyar da haske ya yi cikin ruwa. Idan yaro ya nutse mita ɗaya da rabi, ni kuma ina nesa da shi mita 3, hasken ya ratsa ruwa mita huɗu da rabi kafin ya iso gilashin kyamarata. Shi ya sa kafin in taɓa wani saiti nake matsawa kusa, har sai in na miƙa hannu zan kusa taɓa mutum.

Sai daidaiton fari, wato gaya wa kyamara abin da za ta ɗauka a matsayin fari, don ta auna sauran launuka da shi. A wajen ruwa saitin otomatik yana yin ƙoƙari. A cikin ruwa kuwa, musamman a bidiyo, yawo yake yi. Ka biyo mai iyo daga inda rana ke dukan ruwa zuwa inuwar itatuwan da ke bakin dutsen da ruwan ke fitowa, za ka ga launi ya sauya a tsakiyar ɗauka, fuska ta tashi daga ja-ja ta koma toka-toka. Gyaran wannan a kwamfuta wahala ce tsantsa, don kowane daƙiƙa da nasa launi. Saboda haka kulle shi nake yi.

Kayan aikina a nan ƙaramin allo ne na roba, gefe ɗaya fari, ɗaya ruwan toka, na huda shi na sa igiya a wuyan hannu. Yaron da ke koyon aiki a wurina shi ke riƙewa. Yakan nutse daidai inda mutumin zai tsaya, ya juyo da allon wajen haske, ni kuma in tsaya a nisan da zan yi ɗaukar, in sa babbar kyamara ta karanta. Ranar farko ya ɗago yana share ido ya ce, "Maigida, me zai hana in kawo maka shi gaban gilashi, ka huta?" Na ce masa idan allon na manne da kyamara, ruwan da ke tsakanina da mutumin bai shiga lissafi ba, kuma wannan ruwan shi ne ke sace jan. Duk sanda muka sauya zurfi, ko muka shiga inuwa, ko gajimare ya rufe rana, sai an sake karantawa. Yana cin lokaci, masu hoto kan ƙosa, amma a nan aikin yake.

Yashin ƙasa ma yana iya tsayawa a madadin allo in an matsu, sai dai ba fari ba ne tas, yana da ɗan rawaya, kuma kyamara in ta cire wannan rawayar sai hoton ya karkata wajen shuɗi.

Ƙaramar kyamarata ta GoPro ba ta karanta allo, lambobin Kelvin take bayarwa, wato ma'aunin launin haske, iyakarta 6500. Hasken rana tsaka yana wajen 5500, kuma duk yadda ka ɗaga lambar, hoton na ƙara ɗumi. Da hantsi zuwa azahar, kusa da saman ruwa, nakan bar ta a 5500 ko 6000, in na yi ƙasa ko inuwa in kai ta ƙarshe. Sannan a farkon kowace ɗauka yaron ya nuna allon na ɗan lokaci, don in na zauna gyara in sami abin da zan dafa. Amma Kelvin tsakanin shuɗi da rawaya kawai yake tafiya. Koren da ganye da gansakuka ke zubawa a ruwan daɗi sai an tura ɗaya ma'aunin launi da ke kwamfuta wajen majenta, jan nan mai ratsin shunayya, kafin ya saki fata.

A hoto tsayayye ina ɗauka da tsarin RAW, wato hoton da kyamara ba ta matse ba, don yana ajiye bayanin launi gaba ɗaya, ina iya sauya daidaiton fari daga baya ba tare da asara ba. Bidiyon ƙananan kyamarori kuwa a matse yake zuwa. Jan da bai shiga ba tun farko, in ka tilasta shi a kwamfuta, sai ɗige-ɗige su ɓarke, kuma a kan baƙar fata suka fi fitowa fili, a kumatu da goshi.

Jar filtar da ake sayarwa, wadda ake ɗorawa a gaban gilashin kyamara, an yi ta ne don shuɗin teku mai zurfi. A Wikki ta yi yawa, tana mai da yashi da fararen riguna jajaye, ga rage haske. Ta majenta ce ta dace da ruwan daɗi mai kore, ita ma sai an ɗan nutse. In kuma na kunna fitilar bidiyo a inuwa, nakan cire filta, in mai da saitin kan lambar Kelvin ɗin fitilar, don ita da kanta tana dawo da ja a kan abin da ke kusa. Ka haɗa fitila da saitin allon da aka karanta da hasken rana, fuska za ta yi jawur.

Na gwada duk wannan a gefen madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a jihar Gombe, bayan damina, ruwan na ɗauke da laka. Allon ya gyara launin hannun wani masunci da ke riƙe da koma, amma sai da na matso ƙasa da rabin mita kafin yatsunsa su fito sosai. Abin da ya wuce haka duhu ne ruwan ƙasa, kuma babu saitin da ya taɓa shi.