Ruwan Agusta da ya ci mini babi guda

Har yanzu in na ga wani ya buɗe kwalbar gishirin KBr, wanda ake gauraya samfur da shi kafin gwaji a ɗakin bincike, ya bar ta a buɗe yana hira, sai in ji raina ya ɓaci. Wata huɗu na rasa ta dalilin haka.

Aikin digirina na biyu a kan sinadarin Schiff ne, wanda na haɗa daga salisilaldehaid da anilin, sannan na ɗaura shi da jan ƙarfe. Haɗin ya tafi daidai. Na kai samfura ɗakin na'urar FTIR, mai haska samfur ta zana layin da ke nuna abin da ke cikinsa, cikin watan Agusta, damina ta zauna, bangon ɗakin ma gumi yake yi. Na niƙa miligiram 1 na samfur da kusan 100 na KBr a ɗan turmin dutse, na matse shi ya zama ƙwaya. Ƙwayar ba ta fito garau kamar gilashi ba, ta yi hazo-hazo. Na gani da idona, na ce ai ba komai.

Sakamako ya fito da wani faffaɗan kwari a wajen lamba 3400 a ma'aunin na'urar, inda alamar OH ke fitowa, ta sinadari ko ta ruwa, da wata 'yar kafaɗa a 1640, dab da layin C=N, shaidar sinadarin Schiff, da nake nema a kusa da 1620. In jan ƙarfe ya kama, ya kamata alamar OH ta ɓace. Tawa ba ta ɓace ba. Maimakon in tsaya in yi tambaya, sai murna ta kama ni: na yanke cewa ƙwayoyin ruwa biyu ne suka liƙe wa jan ƙarfen. Na zana siffar sinadarin da kusurwa shida, na rubuta babi na huɗu kacokan a kai, har na yi bayani a gaban 'yan sashe ina buga ƙirji.

A Disamba aka ce in maimaita samfur ɗaya don wani ya zube. Hunturu ya sauka, leɓe na tsagewa. Dattijon da ke kula da na'urar ya karɓi kwalbar KBr daga hannuna, ya girgiza ta, ya ji ta dunƙule kamar gishirin miya a damina.

"Ɗana, wannan ka gasa shi?"

Na ce, "A'a Malam, haka na same shi."

Bai ce uffan ba. Ya sa shi a tanda a digiri 110 ya kwana, da safe ya juye a desiketa, tukunyar gilashi mai hana danshi, ya nuna mini silikar ciki shuɗiya, ya ce in ta koma ruwan hoda to ta ƙoshi, ba ta ƙara shan komai. Sannan ya matse ƙwayar tsohon gishirin zalla, babu samfur ko kaɗan, ya saka a na'ura. Ga kwarina na 3400 ya fito ɓaro-ɓaro, ga 1640. Gishirin ne ya sha raɓar Agusta, ni kuma na ba ta suna a kundi. Da gasasshen gishiri, samfurina ya fito babu alamar ruwa sam.

Minti biyar ne gwajin ƙwaya zalla. Minti biyar! Wannan ne ke cin raina, ba kuɗin da na sake biya ba. Ɗan tsinin 2350 kowa ya san iskar da muke fitarwa ce, na kuwa kau da kai daga gare shi, amma ruwa da ya fi shi ɓarna na rungume shi saboda ya yi mini daɗin labari.

Yanzu ba na niƙa ya wuce minti biyu, don niƙan ma yana jawo danshi, kuma ba na numfashi a kan turmi. Inda akwai na'ura mai kan ATR na lu'ulu'u, wanda ake ɗora samfur a kansa kai tsaye, can nake fara kaiwa, tunda ba ruwanta da gishiri. Ƙwaya mai hazo kuwa kwandon shara take tafiya.

Da na kai wa Dakta mai duba aikina gyararren babin, ya duba sabon zanen mai kusurwa huɗu, ya tambaye ni ina ruwan nan biyu suka tafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, hunturu ya shanye su."